Abin da Ba Ya Shiga Jaka

Inna ce ta fara lura. Wata ranar Asabar ta leƙo ɗakina ta same ni na duƙufa kan laftof, hancina ya kusa taɓa gilashi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai wannan, tsintar shinkafa kake yi ne?" Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, don haka "kai wannan" shi ne sunan da na tashi da shi a bakinta. Na yi dariya na ce aiki nake yi. Ta ce, "Wanga aiki da ke mai da yaro tsoho tun bai yi furfura ba, a dai yi hattara."

Sana'ata rubuta manhaja. Kamfanin da nake yi wa aiki yana Legas, ni kuma ina Faskari, abin da ya haɗa mu intanet ne da wata laftof mai allo inci 14 da na saya na hannu shekaru bakwai da suka wuce. Wanda bai san aikin ba yana ɗauka bugawa muke wuni muna yi. Gaskiyar magana karatu ya fi rubutu yawa. Kana karanta abin da ka rubuta jiya, kana karanta abin da wani ya rubuta bara, kana duba littafin bayani, kana kallon sakamako. Aƙalla taga uku kake buƙata a buɗe lokaci guda, ni kuwa allona taga ɗaya yake ɗauka, ita ma layi talatin kawai nake gani a cikinta. Sai in buɗe wannan in rufe waccan, in riƙe abin da na gani a ka, in koma. Kafin la'asar wuyana ya sage, idanuna sun yi jajir kamar na mai suyar ƙosai.

Duk wannan na saba da shi. Abin da ya sa na fara maganar babban allo da gaske kuskure ne da na tafka a farkon daminar 2024.

Akwai wata ƙungiyar manoma da ke raba wa 'ya'yanta taki bashi, a biya bayan kaka. 'Ya'yan nata suna Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Na rubuta musu 'yar ƙaramar manhaja kyauta, aikinta ta ɗauki jerin waɗanda suka biya bashin bara, ta haɗa da jerin masu neman na bana, ta fitar da waɗanda suka cancanta. Tana gane mutum ne da sunan garinsa da lambar katinsa. Jeri na farko magatakardan ƙungiya ne ya buga a wayarsa, wadda ke da madannan Hausa, ya rubuta Ƙanƙara da ƙugiyoyinta biyu. Jeri na biyu a shagon buga takardu aka yi shi, aka rubuta Kankara haka nan tsirara. A idon mutum gari ɗaya ne. A wurin kwamfuta kuwa K da Ƙ ba su haɗa komai ba, kowanne da lambarsa daban a tsarin Unicode, nisansu kamar na A da Z. Sai manhajar ta yanke hukuncin cewa babu ko mutum ɗaya daga Ƙanƙara da ya biya bashinsa.

Mutum sittin da 'yan kai suka biya kuɗin babur suka zo karɓar taki, aka ce babu sunansu. Wani dattijo ya karɓi lambata ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ɗana, na sayar da akuyata na biya bashin nan tun kafin azumi. In kwamfutarka ta manta, ni ban manta ba, Allah ma bai manta ba." Kwana uku ina neman inda matsalar take. Na buɗe jerin farko, na rufe, na buɗe na biyu, na rufe, ya fi sau hamsin. Don in ga layuka da yawa na ƙanƙanta rubutun, a wannan ƙanƙantar kuwa ƙugiyar ƙ ba ta wuce ɗigo biyu na haske ba. Masara kuma ba ta jiran kowa, kwanakin da take son takin farko idan suka wuce sun wuce.

Ba zan ɗora wa allo laifin da yake nawa ba. Hakkina ne tun farko in sa manhajar ta daidaita haruffa kafin ta kwatanta su, duk wanda ya yi aiki da rubutun Hausa ya san haka. Amma na san da jerin biyu suna gefe da gefe a gabana, da manyan baƙaƙe, da cikin minti biyar na gani. Harshenmu harshe ne da ƙugiya ke raba ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, baƙi da baki, ɗaki da daki. Wanda ke rubuta manhaja don Hausawa bai kamata ya riƙa kallon haruffa kamar mai hangen jinjirin wata ba.

Dabara ta farko da ta zo mini ita ce wadda ke zuwa wa kowa. Muna da talabijin inci 32 a falo, bayanta akwai kafar HDMI, laftof ɗina ma akwai. Na ɗauko ta na ɗora kan tebur, yara na ta ƙorafi an ɗauke musu katun. Na haɗa waya, hoto ya fito tangamemen, na ji daɗi na kusan minti goma. Daga nan na lura layukan da nake gani talatin ɗin nan ne dai, ba su ƙaru da ko ɗaya ba, sai dai kowane harafi ya kumbura, gefensa ya yi gashi-gashi. Kafin magariba kaina yana sarawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A ranar na zauna na yi lissafin da ya kamata a ce na yi tun farko. Allo ma'auni biyu gare shi, mu kuma ɗaya kawai muke tambaya a kasuwa. Na farko girma, wanda ake aunawa da inci daga kusurwa zuwa kusurwa, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. Na biyu yawan ɗigon hasken da ke haɗuwa su ba da hoto. Laftof ɗina tana da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, jimla miliyan ɗaya da 'yan kai. Talabijin ɗin ma ɗigo 1366 da 768 ne cif, an dai baza su ne a faffaɗan fili. A laftof kowane inci yana ɗauke da ɗigo kusan 112, a talabijin 49. Kamar ka ɗauki mudun gero ɗaya ka shanya a babbar tabarma ne, tabarmar ta cika ido amma geron mudu ɗaya ne.

Da wannan ma'auni na bi allunan da ake samu a kasuwanninmu. Mai inci 24 da ɗigo 1920 da 1080 yana ba da kusan 92 a kowane inci, rubutu yana fita daidai. Mai inci 27 da wannan adadin yana sauka zuwa 82, ya fi girma, ya fi tsada, rubutunsa kuma ya fi muni, shi ne tarkon da yawancinmu ke faɗawa. Idan ana son inci 27 don karatu, sai mai ɗigo 2560 da 1440, wanda ke ba da 109. Sama da su akwai wanda ake kira 4K, ɗigo 3840 da 2160, sama da miliyan takwas. Shi kam na cire shi tun da wuri, domin kafar HDMI ta laftof ɗina tsohon samfuri ce, 1.4, ba ta iya sabunta hoton 4K fiye da sau 30 a daƙiƙa, alhali ido ya saba da 60. Sai ka ga kibiyar linzami tana jan ƙafa kamar wadda ta sha maganin mura.

Akwai wani abu kuma da sana'ar ta gada. A 1928 kamfanin IBM ya fito da katin huda mai gurbi 80, kowane kati layi ɗaya na umarni. Katin ya mutu amma adadin ya rayu. Allunan farko na kwamfuta, irin su VT100 na 1978, harafi 80 suke nunawa a kwance da layi 24 a tsaye. Har yau ƙa'idar rubutun yaren Python da aka fitar a 2001 tana cewa kada layi ya wuce harafi 79, masu kula da Linux ma sai a 2020 suka sassauta zuwa 100. Abin nufi, rubutun manhaja siriri ne dogo, kamar rubutun laya. Allunan zamani kuwa an yi su ne don kallon fim, faffaɗa gajeru. Abin da mai rubuta manhaja ke yunwa shi ne tsayi. Shi ya sa idona ya koma kan wani samfuri da aka fi yi wa ofisoshi, inci 24 mai ɗigo 1920 da 1200. Ƙarin ɗigo 120 ɗin nan layi shida ne na rubutu, kuma da yawa daga cikinsu ana iya juya su su tsaya a tsaye.

Zuwa nan lissafin ɗaya ne da na mai zaune a Landan. Daga nan kuma sai lissafin Faskari ya shigo.

Wutar gwamnati a wurinmu baƙuwa ce, idan ta zo a yi mata maraba, idan ta tafi ba a tambayar yaushe za ta dawo. Janareta kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya koma kayan ado, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Oktoban wannan shekarar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako cikin duhu. Mu abin bai zo mana da baƙunta ba, amma ya tabbatar mini cewa duk abin da zan saya sola ce za ta ciyar da shi.

Ina da faranti biyu na sola a kan rufi, da batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 100, da ƙaramar inbata. A takarda batirin yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma irin wannan batir mai darma idan kana son ya yi ƙarko ba ka shan fiye da rabinsa, saura 600. Laftof da na'urar intanet da ƙwai ɗaya suna cin kusan wat 40, ke nan awa 15. Idan na ƙara allo mai cin wat 20, ya koma awa 10. Idan mai cin 40 ne, awa bakwai da rabi. Wannan kuma kafin inbata ta ci nata rabon, kafin a yi cajin wayoyin gida da na maƙwabta, kafin zafin Maris da Afrilu ya zo a ce dole fanka ta kwana tana juyi a kan yara. Kowane inci da na ƙara wa allona daga iskar fankar 'ya'yana zan cire shi. Da na ga haka sai sha'awar inci 27 ta ragu da kanta.

Na gama lissafi tun Agusta. Kuɗin ma na haɗa. Amma Satumba ta wuce, Oktoba ta wuce, ban je ko'ina ba. Kullum da dalilin da zan kawo, yau dala ta tashi, gobe hanya ba kyau. Maiɗakina ce ta gane abin da ni ban yarda na gane ba.

Wani dare ina nuna mata hotunan alluna a waya, karo na ban san adadi ba, sai ta nuna jakar goyon da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta ce, "Abban yara, ba kuɗi ne ya hana ka ba. Ba ya shiga waccan ne."

Jakar nan tana da tarihi. Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara daji, sai ranar 17 aka sako 344. Duniya ta ji wannan. Abin da duniya ba ta ji ba shi ne ƙananan darare da yawa kafin nan da bayan nan, a ƙauyukan da ke tsakaninmu da dajin da ya haɗa mu da Zamfara, daren da za ka ji ƙarar babura ka kasa tantance namu ne ko nasu. Tun daga lokacin na tsara rayuwata ta yadda duk abin da nake ci da shi zai shiga jaka ɗaya cikin minti biyu: laftof, caja, na'urar intanet, takardun makaranta, katin banki.

A Satumbar 2021 jakar ta yi amfani. Gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Faskari na ciki, Sabuwa da Ƙanƙara da Ɗandume na ciki, har Funtuwa da Bakori da Malumfashi. An kuma hana sayar da fetur a jarka. Ga mai aiki ta intanet wannan daidai yake da a ce an rufe masa shago. Na saɓa jakata na wuce Funtuwa, na bi ta Giwa na sauka Zariya, na raɓa a ɗakin wani abokina na jami'a a Samaru. Wata uku ina aiki a kan katifa, laftof a cinya, ba na iya kiran gida in ji ko an kwana lafiya sai dai in aika saƙo ta direban mota. Sai ƙarshen shekara aka maido da layukan. Na dawo gida, amma jakar ban sake kwance ta gaba ɗaya ba.

Abin da maiɗakina ta gani ke nan. Laftof kayan matafiyi ce. Babban allo kuwa yana son tebur, yana son bango, yana son mutumin da ya san gobe ma a nan zai zauna. Shekara uku ina zaune a gidan da aka haife ni kamar mai jiran mota a tasha. Ban dasa ko bishiyar zogale ba, ban gyara silin ɗin ɗakina ba, kujerar da nake aiki a kai ta roba ce irin ta gidan biki. Ta ce, "In tafiya za mu yi, ka faɗa mu tafi, 'yan uwana suna Kano. In kuma zama za mu yi, ka zauna. Inna ba za ta bar garin nan ba, kai ma ba za ka bar Inna ba. To wuyanka da idonka me suka yi maka?"

Akwai kuma tsoro na biyu, wanda duk ɗan yankinmu zai gane ba sai an yi masa bayani ba. A nan ba a son a ga sabon kwali ya shiga gidanka. Ba ka san idon wa ke kai ba, ba ka san bakin wa zai kai labari daji cewa wane yana karɓar dala ba. Mutane sun daina fentin gida, masu mota sun koma hawa babur. Allo mai kama da talabijin a cikin kwali mai hoto, daga tasha zuwa ƙofar gida, sanarwa ce.

Ban ba ta amsa a daren ba. Amma da aka gama girbin masara, a tsakiyar Nuwamba, na yi sammako na shiga motar Funtuwa, daga can na hau ta Kano, muka bi ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo. A jakata akwai laftof, da wayar HDMI, da wata 'yar na'ura da ake soka wa a soket ta nuna wat nawa abu ke ci.

A titin Beirut, inda 'yan waya da kwamfuta suke, shagon farko da na shiga yaron shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, irinku ga naku nan." Ya nuna mini wani allo mai lanƙwasa, inci 34, faɗinsa ya kusa na ƙofar ɗaki, an kunna masa hoton ruwa yana zuba daga dutse. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Na ce a ba ni izini in gwada. Na soka na'urata, ta nuna wat arba'in da wani abu. Na tambayi kuɗi, ya faɗi abin da ya kusa sayen ɗan maraƙi. Na tuna fankar yara, na tuna tashar Faskari, na ce Allah ya kawo kasuwa.

Can cikin wani lungu na sami masu sayar da na hannu, waɗanda aka kwaso daga ofisoshin Turai, jere a ƙasa kamar allunan almajirai. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri. Na ce ina son inci 24 mai ɗigo 1200 a tsaye, wanda ake juyawa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka san abin da ka zo nema." Ya fito da guda uku.

Na yi musu gwajin da nake ba kowa shawara ya yi kafin ya ba da kuɗinsa. Na cika allon da fari zalla, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, domin a nan mataccen ɗigo ko tabon dannewa ke bayyana. Na farko yana da wani tabo kamar sawun yatsa a kusurwa, na ajiye shi. Na koma gefe na kalli allon a karkace. Akwai nau'in da ake kira TN, mai araha, wanda launinsa ke juyewa da zarar ka kauce, idan ka tsayar da shi a tsaye kuma idonka na dama da na hagu ba abu ɗaya za su gani ba. Nau'in IPS ba ya haka, shi ake so don karatu. Na rage haske zuwa ƙasa na haska kyamarar waya, domin wasu allunan suna rage haske ne ta hanyar ƙiftawa da sauri, ido ba ya gani amma wasu mutane kansu yana ji, kyamara kuma takan nuna shi kamar zane-zane masu gudu. Na biyu ya nuna zanen, na uku bai nuna ba. Na duba bayansa na tabbatar akwai kafar HDMI, domin tsofaffin na ofis da yawa VGA da DVI da DisplayPort kawai gare su. Na'urata ta nuna wat 19 a hasken da nake so.

Gwajin ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Na buɗe jerin nan biyu na manoma gefe da gefe. Daga nisan hannu guda, ba tare da na sunkuya ba, ga Ƙanƙara a hagu da ƙugiyoyinta, ga Kankara a dama babu. Na daɗe ina kallo har dattijon ya ce, "Lafiya dai, Malam?" Na ce lafiya lau, nawa ne?

Muka yi ciniki muka daidaita a kan kuɗin da bai fi na buhun taki biyu da ɗoriya ba. Ya tashi zai nemo mini kwali na ce ya bar shi. Na cire gindin allon na sa a jaka, na sayi bargo a bakin hanya na naɗe gilashin, na zura a tsohon buhun masara na ɗaure. A mota na biya kuɗin kujerar gaba na rungume shi a ƙirji tun daga Kano. Direban Funtuwa ya ce, "Malam, madubin amarya ne?" Na ce kusan haka. Na shiga gida bayan la'asar da buhu a hammata, babu wanda ya waiwaya.

Yanzu wata huɗu ke nan. Kafinta ya yi mini tebur na katako da kujera mai jingina. Saman allon yana daidai da idona, nisansa tsawon hannuna, laftof tana gefe a kan tsofaffin littattafan jami'a, na haɗa mata madannai da linzami na daban. Idan allon yana kwance ina ganin layi hamsin da taga biyu. Idan na tsayar da shi ina ganin fiye da tamanin, aiki guda daga farkonsa har ƙarshensa ba tare da na gangara ba. Maiɗakina ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa saboda ƙurar hunturu, wadda a nan ba ta jin rufaffiyar taga. Da dare ina rage haskensa in saki labule mai kauri, saboda batir, saboda kuma haske a taga da tsakar dare shi ma magana ne.

Wuyana ya saki cikin mako biyu. Idona kuwa bai daina ciwo ba, sai da na je wani asibitin ido a Zariya aka auna ni aka ce tabarau nake buƙata tun tuni. Likitar ta ce mai kallon allo yana rage ƙifta ido bai sani ba, shi ya sa idon ke bushewa, ga hunturu ya ƙara. Ta ce duk minti 20 in ɗaga kai in kalli abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Na ce mata na sayi babban allo. Ta ce, "Madalla, yanzu sai ka sayi tabarau." Don haka ƙanena mai koyon wannan sana'a, idan kuɗinka ba su kai duka biyu ba, fara da auna ido. Kuma kafin ka sayi komai, ɗora laftof ɗinka a kan littattafai ka nemi madannai na daban, rabin ciwon wuyan a nan yake.

Manhajar manoma na gyara ta tun a wancan makon, yanzu ko da ƙugiya ko babu tana gane gari. Dattijon nan ya samu takinsa a makare, ya ce masarar ta yi amma ba kamar ta bara ba. Na je har gida na ba shi haƙuri, ya ba ni kaza, na rasa inda zan sa kaina.

Ranar da na fara tsayar da allon a tsaye Inna ta shigo da kunu. Ta tsaya tana kallon dogon abu mai baƙin fili da rubutu layi-layi daga sama har ƙasa. Ta ce, "To, yanzu ka yi allo na gaskiya. Saura tawada." 'Yata mai shekara shida ta ɗauki maganar da gaske. Kullum bayan ta dawo daga Islamiyya sai ta hau cinyata in buɗe mata farin shafi, in ƙara girman rubutu har harafi ɗaya ya kai tafin hannunta. Ta iya raba ɗ da d, ta iya ɓ da b. Ƙ ce take ba ta wahala, tana cewa k ce ta sa hula.

Jakar tana nan a ƙusarta bayan ƙofa, da caja ta biyu da takardu a ciki. Makon jiya ma an kwana ana jin harbi daga yamma, muka zauna a tsakar gida da takalma a ƙafa har asuba. Na san idan ta kama a fita, minti biyu ne, kuma allon nan a kan tebur zan bar shi da rigarsa ta atamfa. Da gari ya waye lafiya na yi sallah, na ɗan runtsa, na tashi na share ƙurar farantan sola. Ƙarfe tara muna da taro da mutanen Legas, na cire masa rigar na kunna.